Yadda Baba Ya Hana Babbaka da Taya

Mahaifina shi ne Sarkin Fawan kasuwar ƙauyenmu, a ƙasar Bagwai. Ni kuwa tun da na yi aure nake dafa kai da ƙafa da ganda ina sayarwa. A bakin rafi, bayan kwatar da ake yanka, mahauta ke cinna tsofaffin tayoyin mota su babbake kawuna da fatu, don taya ta fi karan dawa sauri nesa ba kusa ba. Tokar da baƙin ruwan wankin duk rafi suke gangarawa.

Wata shekara, kwana biyu bayan ruwan farko, na je gaida Inna da hantsi, sai wani dattijon masunci ya yi sallama da Baba. Ina leƙen zaure na ga ya juye kwando, tarwaɗa da karfasa duk matattu.

"Sarki, ba sayarwa na kawo ba," in ji shi. "A saman ruwa na tsince su, daga kwatarku zuwa ƙasa. Sama da ku kuwa kifi lafiya lau."

Baba bai yi musu ba. Ya bi shi har rafin, ya dawo ƙafafunsa baƙi ƙirin. Washegari ya nemi malamin duba-gari, wanda ya shaida masa cewa akwai guba a jikin taya, ko ruwan sama ne ya wanke ta yana iya kashe kifi, balle tokarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya tara mahauta, da izinin mai gari, ya ce an daina babbaka da taya. Ƙanen Baba, Baffana, shi ya fara tashi.

"Yaya, saboda kifi za ka wahalar da 'yan'uwanka?"

"Da ruwan nan masunta suke ci da iyalinsu, kamar yadda muke ci da wuƙa," in ji Baba. "Wanda ya sake cinna taya, ba zai yi yanka a kwatata ba."

Ran kasuwa Baffa ya cinna tasa, yana ganin ba mai taɓa shi. A gaban kowa Baba ya hana shi yanka har kasuwa biyu. Sai da suka yi wata ba sa cin abinci tare. Ni ma na kai kukana, na ce kawuna ba sa fitowa da wuri, masu saye na tafiya.

Ya dube ni ya ce, "Har da ke, Uwata?"

Kunya ta kama ni. Daga ranar na riƙa aika karan dawar gonar maigidana kwata.

Kifi bai dawo nan take ba, sai a damina ta uku masunta suka koma jefa taru a wurin. Mahautan wasu kasuwanni suka fara zuwa tambayar yadda aka yi. Yanzu da tsufa ya kama Baba, Baffa ne ke tsare kwata, kuma ko a hanya ya hangi mai gungura taya, tun daga nesa yake daka masa tsawa.