Ranar da Muka Shigo Gari ta Hanyar Gawa

A ƙauyenmu, can ƙasar Paki, akwai hanyar da ba a binta sai da gawa a kafaɗa. Ta tashi daga bayan masallaci, ta miƙe sambal har maƙabarta. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka maza kan fito su share ta, su cike ramukanta, shi ya sa ta fi duk hanyoyin garin faɗi da kyau. In an gama binnewa ba a juyowa ta cikinta, ko waiwaye ba a yi. Sai a zagaya ta gonaki a shigo ta wajen rijiya. Malamai sun sha faɗa mana wannan ba addini ba ne. Mun yarda, amma an rasa wanda zai fara.

Na yi yawo a rayuwata. Na sayar da goro a Kumasi, na zauna Garwa har Fillanci ya kama bakina, na ja mota a Jidda. Ko'ina ka tambayi mutum biyu hanya, amsa biyu za ka samu, sai ka auna ka zaɓa. Ko da wayoyi suka zo, taswirar wannan kamfani kan ce dama, ta wancan ta ce hagu, mu direbobi mu yi ta musu a teburin mai shayi. 'Yata da ke aiki a Kaduna ce ta gaya mini yanzu manyan kamfanonin sun haɗa kai, sun zuba taswirorinsu a rumbu ɗaya, kowa na ɗiba kyauta. Na ce madalla. Ban tuna cewa in ƙwaro ya shiga rumbu ɗaya, tuwon kowa ya shiga ba.

Ana tsakiyar damina aka sallami yayana daga asibiti a Zariya. Ba warkewa ya yi ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kai ni ɗakina da raina. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ɗauki shatar mota, direban mutumin Kudan ne, bai taɓa zuwa garinmu ba. Na zauna baya, kan Yaya bisa cinyata, na lulluɓe shi da farin mayafi saboda sanyi. Mun wuce Makarfi, mun wuce Ikara, sai muka tarar ruwa ya cinye hanyarmu ta kullum. Direba ya duba wayarsa ya ce akwai wata. Na duba tawa, wadda ba kamfaninsu ɗaya ba, ita ma haka ta nuna. Shaidu biyu sun haɗu, na ce mu je.

Hankalina na kan numfashin Yaya. Na dai ji motar ta daina tsalle.

"Alhaji, ashe kuna da titi haka kuke ɓoyewa?" in ji direba. "Ko gwamna surukinku ne?"

Na ɗaga kai ban gane wurin ba, don ban taɓa ganin hanyar nan ina fuskantar gari ba. Yaya ne ya gane. Yana kwance, rassan itatuwa na wuce masa ta taga ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "kukar nan na san ta. Ina kuka biyo da ni?"

Na ce wa direba ya tsaya. Dawa ta rufe gefe da gefe, shiru ko kukan tsuntsu babu. Direba ya ce bari ya yi baya.

"Kada ya yi baya," in ji Yaya. "Baya kushewa ce. Ku yi gaba."

Muka fito bayan masallaci ana shirin la'asar. Masu alwala suka miƙe da butoci a hannu. Sun ga mota ta fito daga maƙabarta, a ciki mutum kwance cikin farin ƙyalle. Wata tsohuwa ta kama salati. Yaya ya ɗaga hannu ya gaishe su, sai suka ja da baya.

Ya shiga ɗakinsa da ransa, kamar yadda ya roƙa. Amma masu zuwa dubiya a bakin ƙofa suke tsayawa, su yi gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki.

Na kira 'yata kan batun taswirar. Ta ce daga sama aka ɗauki hoto, na'ura ta ga hanya mai faɗi ta ce titi ne, amma kowa na iya gyarawa.

"Baba, me zan sa? Akwai titi, akwai hanyar ƙafa, akwai ta gona."

"Sa hanyar gawa."

"Ba su yi mata gurbi ba, Baba."

Sai ta rubuta cewa an rufe hanyar. Ta ce sai a hankali gyaran zai kai kowace waya.

Yaya ya kai lokacin kaka. Wata safiya ya ce mini, "Na ga hanyar, ba ta da nisa. Ku dai kada ku bari a tare ni."

Ranar da muka ɗauki gawarsa, sawun tayar motar nan na nan a busasshen taɓo, kowa na kauce masa. Mun kai wajen kuka sai ga babur daga maƙabarta, buhunan barkono a baya, waya ɗaure a gaba. Baƙo ne. Ya taka birki, muka yi cirko-cirko, Yaya a kafaɗunmu.

Na yi masa magana da Hausa, bai gane ba. Na juya Fillanci na ce, "Ɗan'uwa, mai hanyar ne zai wuce."

Ya kashe babur, ya tura shi cikin dawa har kara na karyewa, ya shiga sahu. Da shi aka zuba ƙasa. Da muka gama ya nufi inda ya bar babur, sai liman ya kama hannun rigarsa, muka zagaya da shi ta gonaki.