Baƙar Ƙwaya a Faifan Gwaggo

Tun Nasara bai taka Damagaram ba, shekarar da fara ta cinye geron Dungu, na fara ganin gahawa. Jiya ina tsintar wake wata baƙar ƙwaya ta faɗo hannuna, tun sannan in tashi in zauna, Gwaggo nake ta gani.

A gidanta na Matameye wani Balarabe mai fatauci zuwa Kano yake sauka, don ita kaɗai ta iya tsince masa ɗanyar gahawa kafin a soya. Ran nan ta miƙo mini faifai ta tafi barkar haihuwa. Ni kuwa na ga abin da yake sha baƙi ne wuluk, sai na ware baƙaƙen na ce su ne masu kyau, korayen na watsa wa kaji, wai ba su nuna ba.

Ta dawo ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, baƙona za ki kora mini? Baƙar ai matacciya ce, ɗaya tak ta ɓata tukunya!"

Muka durƙusa muna rige-rige da kaji. Ta nuna mini mai hudar ƙwaro, da fasasshiya, da mai warin tsami, tana shinshinawa ɗaya-ɗaya. Da aka soya aka dafa, Balaraben ya kurɓa, ya ce a ƙaro.

Daga ranar ba wadda ta kamo ni tsinta a garin nan. Cikin waɗanda suka shaƙi ƙamshin suyar nan, ni da Hajo makauniya ta Kance muka rage. Allah Ya sanyaya wa Gwaggo makwanci, Ya tsince ta cikin na kirki.