Abin da ya maƙale a bakin Wanzam Tamu

Tamu shi ne wanzamin ƙauyenmu a ƙasar Waca, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa, gyada kuma ta fara jawo kamyo, manyan motocin kaya, har bakin kasuwa. Danga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Mutum ne kakkaura mai gajeren wuya, ga dariya. Kowane ragon suna yana da kasonsa a ciki, shi kuwa wurin kitse yake kai hannu. Garin taba da kanwa ba ya rabuwa da leɓensa. Miya in gishiri bai fito ba, sai ya ce wa matarsa Hinda ruwan wanka ta kawo masa. Yakan yi kukan ciwon ƙeya, a kafa masa ƙaho a zuƙe jinin, gobe ya koma kan halinsa. Ubansa ma a gindin rumbu ya faɗi, bai sake tashi ba, amma mu a lokacin ba mu haɗa wannan da wancan ba.

Aski kowa na iya koya. Abin da ya sa garin nan ba ya kai yaro kaciya gun kowa sai Tamu, wasu kalmomi ne na tsayar da jini da ya gada wurin ubansa. In ya yi yanka sai ka ga bakinsa na motsi, ya tofa, ya danne da yatsa. Ba a rubuta su, ba a faɗinsu gaban jama'a. Daga baki sai kunnen magaji. Tamu kuwa 'ya'yansa mata ne, Indo da Daso, duk suna gidajen mazansu. Wanda ke jira shi ne Jibo, ɗan gwaggonsa, wanzami a kasuwar Guci. Jibo na da hannu, amma bai taɓa yarda ya ɗora aska a jikin yaro ba, tunda ba a ba shi kalmomin ba.

Taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Ɗan kawu, yaushe za ka ba ni abin nan? Wuyan nan naka kullum ƙara cika yake."

"Ji bawa da gaggawa! Kai ɗan mace, sai ka nome mini gona tukuna."

"To mutu da shi, mu binne ku tare mu huta."

"In na mutu wa zai riƙa zaginka?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Tamu ya yi niyyar ba shi, ya faɗa mini da bakinsa. Jan ran ne ke masa daɗi.

Wata kaka, ranar kasuwar Waca da hantsi, yana aske kan Sambo mahauci, aska ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi ta ƙasa. Da aka ɗago shi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar ba nasa ba. Mutane suka ce iska ce ta buge shi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa abin da aka shafa. Da kwanaki suka wuce ba canji, wani mai kamyon gyada ya taimaka muka kai shi gidan likita a Magarya, ni da Hinda da Jibo.

Majo Mamadu, babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura masa wani ƙyalle a dantse yana matsa roba, ya girgiza kai. Ya ce jininsa ne ya yi ƙarfi har ya ɓata wata jijiya a cikin kai. Mun yi dace ko rashin dace, ban sani ba, akwai wani lokotoro, wato babban likita, Bature da ya zo rangadi daga Damagaram. Ya zauna yana tambaya, majo na mayarwa da Hausa. Me yake ci? Yana taba? Ubansa da me ya mutu? Majo ya ce haka yake tambayar duk mai irin wannan ciwo da ya tarar, don a gane wa ya fi kamawa. Jibo ya ce, "Mu magani muka zo nema, shi labari yake nema." Majo bai mayar da wannan ba.

Maganin da zai maido da hannu babu, in ji su. A raba shi da gishiri da kanwa da taba, a riƙa juya shi, a murza hannun, a zaunar da shi.

Hinda ta ce, "Bakin fa, majo?"

"Inna, na wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa."

Muka dawo da shi gida. Abin da ya fi ciwo shi ne hankalinsa bai je ko'ina ba. Duk abin da aka ce yana ji, idonsa na bin mai magana. Amma kalma ɗaya ce ta rage masa, wato "to". In ruwa yake so, to. In kuɗin cizo ya dame shi, to. In Hinda ta kawo miya lami ya ture ƙwaryar da hagu, nan ma to. Sai dai in an jingina shi ana salla, liman ya ja Fatiha, za ka ji tana fita daga bakinsa har ƙarshe. Ana sallamewa ƙofar ta rufe.

Ɗari ya matso, lokacin kaciya ke nan. Akwai yara da suka isa, iyayensu na zuwa gaisuwa su tashi ba su taɓo maganar kaciyar ba. Ba wanda ya taɓa kai ɗansa wani gari tun kakanni, ba kuma wanda zai fara alhali mai abin na kwance yana kallonsu. Jibo yakan kori kowa daga ɗakin, ya kai kunnensa bakin Tamu. Daga bayan danga nakan ji nishi, kamar mai ɗaga buhu. Sai can in ji "to". Jibo ya fito yana gyara hula, ba ya duban kowa.

Hinda ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Ni tun da nake da shi ban taɓa ganin ya faɗi kalmomin nan a zaune haka kawai ba. Sai da aska a hannu, sai ya ga jini."

Jibo ya ce a kawo ruwa.

Ya jiƙa kansa, ya wasa askar, ya sa wa Tamu a hannun hagu, ya durƙusa ya miƙa masa kai. Ni aka sa na tallafe bayan Tamu, da sharaɗin in cusa auduga a kunnuwana. Na cusa, amma dariyar Jibo ta ratsa.

"Yau bawa ya kawo kai, ɗan kawu. Ka yi a hankali, shi ke nan gare ni."

Hannun hagu bai san aikin ba. Ja na farko ya tsaga fatar sama da kunne, jini ya gangaro. Sai na ji bayan Tamu ya miƙe a ƙirjina, muƙamuƙinsa na motsi da sauri, irin motsin da na sani. Jibo ya karkato kunne bai ko share jinin ba. Can motsin ya tsaya cak. Tamu bai tofa ba.

"Saura, ɗan kawu. Saura!"

"To."

Jibo ya ce abin da ya samu ya fi rabi, amma ba rufin, wato kalmomin ƙarshe, kuma ba a aiki da shi ba rufi. Duk ranar da ya taso daga kasuwar Guci sai ya biyo, a jiƙa kai, a sake. Kullum a wuri guda maganar ke yankewa. Kan Jibo ya cika da zane, sabo kan tsoho, har ba ya cire hula a masallaci wurin shafar kai a alwala sai ya juya baya. Tamu kuwa bayan kowane gwaji yakan kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Ranar ƙarshe Jibo ya zo da wata dabara. Ya ce yankan ne ba ya zurfi, jinin na tsayawa da kansa kafin maganar ta kai ƙarshe. Ya durƙusa, ya kama hannun Tamu ya ɗora askar a tsakiyar kansa.

"Danna sosai. Kar ka ji tausayina, ba ka saba ba."

Tamu ya daɗe yana duban kan nan. Na ji numfashinsa na hawa da sauka. Sai ya zare hannunsa, ya tura askar ƙarƙashin tabarma, ya sa tafin hagu ya ture kan Jibo.

"Haba ɗan kawu! Yaran fa?"

Bai ko ce "to" ba. Ya juya fuska wajen bango.

A ɗarin nan aka ɗora yaran a jakuna aka kai su gun wani wanzami a Sassumbrum. Da safe suka bi ta bayan gari don kada su wuce ta ƙofarsa, amma jakuna ba sa tafiya shiru, kuma ya ji. Tamu ya ƙara wasu shekaru a ɗakin nan, ƙafar ta ɗan dawo har yana jan ta zuwa bakin ƙofa ya sha hantsi. Jibo bai daina zuwa ba. Yakan zauna ya yi ta tsokanarsa shi kaɗai, wani lokaci ya kai hannu zai cire hula. Tamu sai ya riƙe masa hannun.