Sunana a katin wani

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Sevran, garin da muke zaune a Faransa, ni da abokaina biyu. Jirgin RER B cike da masu zuwa aiki, kowa yana gyangyaɗi. A tashar Gare de Lyon muka hau jirgin ƙasa mai zuwa birnin Lyon, na sayi kofi a ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba, kuɗinsa kuwa ya ishe ka shinkafa da wake na mako a gida.

Abin da ya kai mu Lyon shi ne wani dattijo a Villeurbanne da ke gefen birnin, da aka ce ya adana hotunan gasar ƙwallon jihohi ta zamanin ƙuruciyarmu. Abokaina suna son rubuta tarihinta, ni kuma suka ɗauko ni a matsayin gwani. Shekara da shekaru ina gaya wa mutanenmu a Faransa cewa ni na tsare gidan jiharmu a wasan ƙarshe. Hujjata ƙwaƙƙwara ce, sunana yana cikin jerin 'yan wasa.

Gaskiyar ita ce, dokar gasar ta ce sai ɗan jiha. Mai tsaron gidan da ya iya kuwa baƙo ne daga ƙetaren iyaka, sai aka ari sunana aka manna hotonsa. Ni a cikin 'yan kallo na zauna ina cin gyaɗa.

Awa biyu muna keta gonaki da shanu masu ƙiba, ina ta ba su labarin yadda na kama fanareti. Daga tashar Part-Dieu muka shiga taram, jirgin cikin gari, duk ɗalibai da jakunkuna.

Dattijon ya tarbe mu da tuwon samul na garin alkama da miyar kuɓewa. Tun yana zuba mana ruwan wanke hannu na lura yatsunsa biyu a karkace suke. Bayan cin abinci ɗaya daga cikin abokaina ya gabatar da ni da cikakken sunana, har da kirari. Dattijon ya dube ni, ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon kati. Sunana ne a jiki, hoton nasa.

Ya ce, "Malam, ashe kai ne mai sunan? Wallahi na daɗe ina nemanka in yi godiya. 'Ya'yana har yau ba su yarda na yi wasan nan ba, sai su ce papa, ai ba sunanka ba ne."

Kunya ta rufe ni. Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

A hanyar komawa ba a yi zancen fanareti ba. Mun iso Sevran da la'asar sakaliya. Abin da na koyo shi ne, ƙaryar da na ɗauka ba ta cutar da kowa, wani ta hana a yarda da shi a cikin gidansa. Kafin in cire takalmi na kira dattijon, na ce ya ba babban ɗansa waya.