Sunan Kawuna a Littafin Wasa

A shekarata ta biyu a Lyon na faɗa cikin wasan. Wani abokin karatuna Bafaranshe, ɗan Vénissieux, shi ya ja ni gidansu wata Asabar. Mu biyar muka kewaye teburin cin abinci. Mutum guda ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mayaƙi ko boka ko ɓarawo, ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ƴaƴan lido masu fuskoki da yawa su yanke ko ya dace. Akwai babban littafin dokoki, akwai kuma ƙananan littattafan ƙari da ake fitarwa jefi-jefi, kowanne da sabuwar ƙasa da sababbin miyagu. Su ake jira, a saya, a yi ta gardama a kansu a shafin wasiƙu na wata mujalla.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a Paris kusa da Porte de la Chapelle, yana tura atamfa da kayan gyaran mota zuwa Damagaram. Shi ya tarye ni ran da na sauka, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko. Da na je masa hutu, ƴaƴan lidon suka zubo daga aljihuna a gaban abokansa alhazai. Bai tsaya jin bayani ba. Ya ce an turo ni karatu na zo ina koyon caca, ya ce zai rubuta gida. Bai rubuta ba, amma na koma Lyon da abin a raina.

Bayan ƴan watanni wasu mutum uku masu buga irin waɗannan littattafai a Paris suka so yin ɗaya a kan wani birni na bakin hamada. Abokina ya ba su labarina, suka nemi in taya su. Na ji daɗi ƙwarai. Na rubuta musu kasuwa da marina da rijiyoyi, na ƙaga wa ƙofofin gari sunaye. Sai suka ce saura mugu, wani attajiri mai sayar wa aljanu baƙin da suka sauka a gidansa. Ban yi dogon tunani ba na ba shi sunan kawuna, har da na mahaifinsa, kakana Malam. Na ƙara da tabon da ke saman girarsa ta hagu, da yadda yake shafa gemu kafin ya faɗi farashi. Na ce a raina wa zai sani.

Littafin ya fito, wasiƙu suka fara zuwa mujallar. Wani ya ce taswirar ba ta da kyau, wani ya ce dokokin ƙishirwa sun yi tsauri. Amma kusan kowa ya yabi attajirin. Suka riƙa ba da labarin yadda suka gama da shi, wannan ya jefa shi rijiya, wancan ya ƙone shi cikin rumfarsa. Na yanke wasiƙun na adana. A wani taron masu wasa a Paris, da rana tsaka, wani dogon mutum ya tsaya gabana yana shafa gemun da ba shi da shi, yana faɗin sunan kawuna da karyayyen harshe, jama'a na dariya. Ni ma na yi dariya, na sa masa hannu a littafinsa.

Ƴar kawuna tana lise, wato sakandare, a lokacin. Wata ƴar ajinsu ta tambaye ta ko babanta ne mai sayar da mutane, ta nuna mata zanen attajirin a littafin. Kawu ya kira ni ta wayar gidan ɗalibai. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi karatu da sanyi, sannan ya ce in zo ran Asabar.

Na same shi a bayan shago, littafin na kan kwalin atamfa. Ba ya karanta Faransanci sosai, don haka ya sa ƴarsa ta karanta ta fassara masa a gabana, har da wasiƙu biyu daga mujallar. Da ta zo wurin rijiya ta tsaya, ya ce ta ci gaba. Ni kuwa ƙasa nake kallo.

Ya bari har ta gama. Sannan ya ce, "Nawa sunan, ka yi yadda kake so da shi. Amma Malam me ya yi maka? Shi ya yi maka huɗuba a kunne, yau shekara tara yana ƙasa."

Na ce, "Kawu, na tuba."

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sa aka kawo mini shinkafa. Na ci don kada in ƙara wani laifin.

Na roƙi masu bugawa suka sauya sunan a bugu na biyu. Masu karatu ba su so ba. Wani ya rubuto cewa an lalata littafin, wasu suka ce su dai da tsohon suna za su ci gaba da wasa. Haka kuwa aka yi. Ko a teburinmu na Lyon sai wani ya manta ya faɗe shi, har na daina zuwa.

Kawu bai sake tayar da zancen ba, kuma mahaifiyata ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ƴarsa ce ta yi kusan shekara biyu in na je gidan sai ta gaishe ni daga bakin ƙofa ta koma ciki.