Malam da Ke Cikin Kwamfutar Kawu Ummaru

Duk wanda ya zauna ofishin fassara da Kawu Ummaru ya san ba ya kunna kwamfuta sai ya yi mata sallama. Ba ita yake gaisarwa ba, in ji shi, Malam yake gaisarwa, wato tsohon ƙamus ɗin Larabci da Turanci da ke cikinta. Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni nake buga takardu a ofishin, don haka na sha kallo.

Faya-fayan ƙamus ɗin a cikin gafaka yake ajiye su. Wata rana masinja ya miƙa hannu zai ɗauka, Kawu ya buge hannun.

"Kai! Da alwala kake? Akwai ayoyi ciki!"

"Baba, ai roba ta."

"Kai ma ƙasa na, amma ana gaishe ka."

Lokacin mulkin soja ne, umarni ba ya jiran shawara. Aka kawo sababbin kwamfutoci, aka ce tsofaffin a kai sito, wanda kuma ya kasa aiki da sabuwa ya tafi gida ya huta. Kawu ya san da shi ake. Muka sa faifan a sabuwar, Malam ya ƙi buɗewa. Mai haɗa na'urorin ya ce ai ya tsufa, sai dai a yar. Wayyo, da bai faɗa ba!

"Mi kac ce? Ubanka na unguwar Gawon Nama ya tsuhwa, ka yashe shi?"

Mutumin bai sake zuwa ofishinmu ba sai ya tabbatar Kawu ya fita salla.

Da ƙyar muka samu ya buɗe, sai ga Larabcin ya fito a warwatse, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Kawu ya gyara tabarau, ya duba, ya dafe kai.

"Innalillahi! Sun sa Malam boko!"

Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa tausayinsa ya kama ni. Ya tasa ni gaba, kullum sai ya ce, "Ke da kika iya taɓe-taɓe, taɓa muna." Na yi ta lalube har na gano sabuwar na da wata hanya ta komawa baƙin allo irin na da, inda tsofaffin manhajoji ke aiki. Na sa Malam a nan, Larabci ya miƙe tsaf daga dama.

Kawu ko mamaki bai yi ba. "Yo ai laihinku na. Wa ka kai dattijo ɗakin yara? Zaure aka sauke shi."

Da shugaban ofis ya yaba mini, Kawu ya taɓe baki ya ce, "Ba ta iya komi ba, Malam na ya haƙura." Ranar na ji haushi ƙwarai. Amma takurawar nan tasa ce ta koya mini aikin da nake ci da shi har yau, shi ma ya ƙarasa shekarunsa na aiki da mutuncinsa.

Sai a zaman makokinsa Inna mahaifiyata ta gaya mini cewa ranar da na gyara Malam ya biyo ta unguwarmu, Ƙofar Taramniya, ya tsaya bakin ƙofarta ya ce, "Ɗiyarki ta hisshe ni kunya. Kar ki hwaɗa mata, sai kanta ya yi girma."

Na gode, Kawu. Allah ya fisshe ka kunyar ranar gobe, ya haskaka makwancinka. Amin.