Mutumin da ke fitowa ƙarshe daga rami

A wurin aikinmu babu wanda ke kiran mahaifina da sunansa. Akwai-Kowa ake ce masa, tun daga darakta har masu shara, kuma yana amsawa da fara'a. A matsayin lebura ya zo, lokacin da ake zuba kankaren ramin da ke ƙarƙashin wurin. Da aka gama gini sauran leburori suka watse, shi kuwa ya ce sai ya ga abin da za a saka a ciki. Ya gani, ya zauna, har furfura ta same shi a wurin.

Abin da aka saka inji ne mai harba ƙwayoyin zarra masu nauyi, irin na dalma da zinariya. Bututu ne dogo da aka zuƙe wa iska, ya zagaye ramin ƙarƙashin ƙasa, manyan maganaɗisu sun rungume shi, wasunsu sun fi motar haya girma. Su ke juya ƙwayoyin, ana ta ƙara musu gudu, sannan a maka su a jikin wani ɗan falle don masana su ga abin da ke cikin cibiyarsu. Mu ma'aikata harbi muke ce wa wannan. In aka saki harbi, ramin na cika da radiyeshan, abin da ba ya wari, ba ya ƙara, ba ya zafi, amma duk wanda ya sha shi da yawa sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa.

Shi ya sa ba a sakin harbi sai an cika sharaɗi biyu. Duk mai shiga rami yana zare makulli daga allon bakin ƙofa, kuma injin ba ya tashi sai kowane makulli ya koma mazauninsa. Na biyun shi ne Baba. Shi ke shiga ƙarshe da tocila, ya zagaye ramin a ƙafa, yana leƙa ƙarƙashin maganaɗisu, yana danna maɓallan bango bi da bi. A lungunan da ido ba ya kaiwa, bayan tubalan kankare, sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Akwai kowa?" Ya kasa kunne. In shiru, ya wuce. Ya fito ya rufe ƙofa, jiniya ta yi kuka na ɗan lokaci, sai harbi.

Har gida yake kawo mana aikin. Ba ya rufe ko ɗakin ajiya sai ya tambaya. Mama takan ce, "Akwai, ɓeraye ne, sun ce a gaishe ka."

Ni ma a can nake aiki, a teburin bakin ƙofa, ina raba wa masu shiga ɗan bajen da ke auna radiyeshan ɗin da jiki ya sha, in karɓa in rataye idan sun fito. Maigidana mai walda ne, rabin rayuwarsa a kwance take ƙarƙashin bututun nan. To ka ga mutum biyu nake da su a rami, kuma ran ɗaya yana rataye a kunnen ɗaya.

Kunnen ne ya fara ba ni tsoro. Na lura rediyon Baba ya koma kamar na mai shago don ƙara. In ana magana bakin mutum yake kallo. Ran nan jikarsa ta faɗi a bayansa tana tsala kuka, shi yana ta goge takalmi abinsa. 

"Baba, kunnenka ya yi nauyi," na ce masa.

"Uwata, ku ne ba kwa buɗe baki. Yaran yanzu magana kamar kuna tauna abu."

"A rami fa? Injinan zuƙe iskar nan suna gurnani, kai kana sauraron amsa?"

"Ramin da na zuba wa kankare? Ko ƙusa ta faɗi ina ji."

Ni ba ta haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na yi ta yi masa naci har ya gaji, ya ce da zarar an gama babban gyaran da ake yi zai je a duba shi. Na yarda don gyaran ya kusa ƙarewa, amma tsoron bai bar ni ba. Kullum jiniya ta tashi sai na waiga na duba ƙugiyar da nake rataye bajen maigidana.

Masu walda suna da wata ɗabi'a da aka hana aka gaji. In sun tashi aiki, ɗaya kan tattara makullan sauran ya yi gaba, don kada su yi layi a allo da kaya niƙi-niƙi a hannu. Ranar da aka gama gyaran, wani da muke kira Gaggawa ne ya tattara. Maigidana ya miƙa masa makullinsa, ya ce ga shi nan tafe, sifana ya manta a bayan tubala. Gaggawa ya jera makullai a allo, ya zube mini bajoji a tebur, ya yi gaba abinsa. Wannan duk daga baya na ji.

Abin da na gani da idona shi ne Baba ya fito, ya kashe tocila, ya rufe ƙofa, ya ɗaga wa kyamara hannu kamar kullum. Jiniya ta ɗauka. Fitilar saman ƙofa ta koma ja. Ina rataye bajoji ɗaya bayan ɗaya, hannuna ya ƙare, ƙugiya ɗaya ta rage babu komai, ta maigidana.

Na duba ƙarƙashin tebur. Na zazzage aljihuna. Na kalli allo, makullai cif. Na kalli benci, ga takalmansa na gida a ajiye, da safa a ciki.

"Baba!" Yana tsaye bai fi taku kaɗan ba, ya juya mini baya. "Baba, yana ciki!"

Bai waigo ba.

Na rarumi wayar ɗakin masu tuƙin inji, na danna lambobin. Ina jin kukan jiniyar yana sauka, kuma na san abin da ke biyo bayan saukarsa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Wayar na ringin, ba a kai ga ɗauka ba, sai jiniyar ta yanke a tsakiya. Fitila ta koma kore.

Akwai jar igiya da ta bi bangon rami, duk wanda ya ja ta komai ya tsaya. Maigidana ne ya ja. Farantin ƙarfe ya zame ya danne masa ƙafa a lungun, hannunsa kuma bai kai igiyar ba. Sai da ya cire bel ɗinsa ya yi ta wurgawa, yana kuskurewa, jiniya na kuka a kansa, kafin ƙarfen bel ɗin ya kama.

A asibiti aka ɗaure ƙafar, likita ta ce karaya ce kawai, bajensa kuma bai sha komai ba. Baba ya shigo da tocilarsa har lokacin a hannu. Ya zauna bakin gado, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Mai walda, na tsaya a lungun nan. Na tambaya."

"Na ji ka, Baba. Har takalmanka na hango."

"Ka amsa?"

Maigidana ya kalle ni. Mutum ne mai kunyar suruki, ko ruwa ba ya sha a gabansa. "A hankali na amsa, Baba," ya ce. "Laifina ne, ban ɗaga murya ba."

Muryar da ya faɗi hakan da ita ta dishe ƙaf, da ƙyar take fita, kamar an goge maƙogwaron da yashi. Ba amsa a hankali ke yi wa murya haka ba.

Baba ya zura wa bakinsa ido, ya matso da kunnen dama, ya juya na hagu. Sannan ya juyo gare ni, idanunsa sun kaɗa.

"Uwata, me ya ce?"

Na so in maimaita masa ƙaryar, wallahi na so. Amma gobe ma akwai masu shiga rami. Na durƙusa, na kai bakina kunnensa, na ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Ya yi ta kiranka, Baba. Har muryarsa ta tafi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi tocilar, ya goge gilashinta da bakin rigarsa, ya miƙo mini.

"Ki kai musu," ya ce. "Ki ce su nemi mai ji."